Rana, zafi ko batirin da ba a caji: da me za ka ciyar da akwatin awo a Katsina?

Wanda zai kafa ɗan akwatin da ke auna ruwan tankin sama a wata unguwa a cikin Katsina, ko danshin ƙasa a gonar rani kusa da madatsar ruwa ta Jibia ko ta Sabke, ko zafin sito inda aka jibge buhunan wake, tambayar da ke fara zuwa bakinsa ita ce: farantin sola mai wat nawa zan saya? Tambayar ta yi gaggawa. A wannan yanki rana ba ta yi wa kowa rowa. A yawancin shekara ana samun abin da ya kai awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a kowace yini, kuma faranti mai faɗin tafin hannu ya ishi akwatin da aka haɗa da kyau har ya yi rara. Abin da ke kashe waɗannan akwatuna a nan abu biyu ne: zafin bazara da ke dafa batir, da wutar da ke zurarewa lokacin da ake zaton akwatin barci yake.

Akwatin awo, a yadda muke nufi a nan, abu huɗu ne a cikin mazubi ɗaya: sensa mai aunawa, ƙaramar ƙwaƙwalwa, rediyon aika saƙo, da ma'ajin wuta. Ya farka, ya auna, ya aika, ya koma barci. Ba shi da waya zuwa layin lantarki, sai dai ya tsinci wutarsa daga inda yake.

A fara sanin cikinsa

Kafin cefane a yi lissafin abin da yake ci a rana. Ma'aunin shi ne mAh, wato mA (ma'aunin yawan wutar da ake ja) nawa aka ja na tsawon awa nawa, kuma mA ɗaya µA dubu ne.

Ɗauki akwati mai rediyon LoRa, wato rediyo mai aika ɗan gajeren saƙo nesa da wuta kaɗan, da ke farkawa kowane minti 15, wato sau 96 a rana. Idan barcinsa na cin µA 15, a awa 24 ya ci mAh 0.36. A kowace farkawa sensa da ƙwaƙwalwa su ja mA 15 na sakan ɗaya, rediyo ya ja mA 45 na sakan 0.2, sai ɗan sauraron amsa. Duka bai wuce mAh 0.0075 ba, a rana kuma 0.72. Jimla kusan mAh 1.1 a rana, kimanin 400 a shekara.

Yanzu cire LoRa ka sa modem ɗin SIM800L mai amfani da layin waya. Kafin ya kama sabis, ya buɗe data, ya aika, ya rufe, sakan 30 sun wuce cikin sauƙi, yana jan kusan mA 120 a tsakaice. Aike ɗaya mAh 1 ke nan. Saƙo guda ya ci abin da wancan akwatin ke ci a yini da kwana. Idan sau ɗaya a awa zai aika, mAh 24 a rana.

Na uku shi ne wanda ya fi kama mutane. Allon ƙwaƙwalwar ESP32 na koyo, mai ramin USB, wanda ake sayarwa a haɗe. Takardar ESP32 ta ce barcinsa mai nauyi kusan µA 10 ne, kuma gaskiya ne, amma wannan ƙwaƙwalwar kaɗai ake nufi. A kan allon akwai regileta AMS1117, mai daidaita bolt, wadda ita kaɗai ke shan kusan mA 5 ko ana aiki ko ba a yi, ga ɗan ƙwan fitila, ga aisin USB (aisi shi ne IC, ɗan guntun lantarki da ke kan allo). Mafi ƙaranci mAh 120 a rana, akwatin bai auna komai ba tukuna. Maganin shi ne a cire regiletar a sa MCP1700 mai shan µA 1.6 ko HT7333 mai shan kusan µA 4, a ɓalle fitilar, ko kuma a yi allo na musamman tun farko. Haka nan resisto biyu da ake jerawa don auna ƙarfin batir: idan 100k ne kowanne, a kan bolt 4.2 suna zubar da µA 21 dare da rana, sun fi barcin ƙwaƙwalwar ci. A sa 1M biyu da kafasita 100nF, zubar ta koma µA 2. Sensa ma haka. JSN-SR04T mai auna zurfin ruwa da sauti, da sensar danshin ƙasa mai kama da wuƙa, kowacce na shan wasu mA idan an bar ta a kunne, don haka a yanke mata wuta da MOSFET, ɗan makunnin da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa, a kunna ta sakan ɗaya kawai lokacin awo.

Kada a yarda da takarda. A jera mita a layin batir, a sa ta a ma'aunin µA, a karanta barcin da ido. Idan ya haura µA 50 a akwatin LoRa, akwai ɓarawo a cikin gida.

Rediyo ne ke yanke hukunci

Tunda aikawa ce ke cin mafi yawa, zaɓin rediyo ya riga zaɓin faranti.

LoRa ya dace da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da ke tsakanin Katsina da Daura. A cikin aisin LoRa, SX1262 ya fi tsohon SX1276 tattali: wajen sauraro yana jan kusan mA 4.6, wancan kuwa ya haura 10. A sayi na zango 868, irin na Turai, wanda aka fi amfani da shi a Najeriya, domin na 915 da eriyarsa na kasuwar Amurka ne, kuma idan ka haɗa eriyar wannan da rediyon wancan nisa zai ragu ba ka san dalili ba. Akwai matakin da ake kira SF, daga 7 zuwa 12: idan an ɗaga shi saƙo yana ƙara nisa, amma yana ƙara daɗewa wajen fita. Saƙo mai bayit 12 yana ɗaukar kusan sakan 0.06 a SF7, amma a SF12 kusan sakan ɗaya da rabi, ninki ashirin da huɗu. Akwatin da muka lissafa a sama idan ya koma SF12 cinsa zai tashi daga mAh 1.1 zuwa kusan 2.6 a rana. Ɗaga eriya sama ya fi ɗaga SF araha. A tazarar kilomita 5, igiyar rediyon na buƙatar fili mai faɗin kusan mita 12 sama da ƙasa a tsakiyar hanya kafin ta wuce ba tare da asara mai yawa ba, shi ya sa uwar tasha, wadda ke karɓar saƙon akwatunan ta tura intanet, ke son saman tanki ko dogon ƙarfe. Wani abu da ake mantawa: akwatin da aka gwada a watan Maris a gona fayau, eriyarsa a tsayin ƙugu, zuwa Satumba dawa ta fi mutum tsayi ta rufe shi, ganye mai ruwa kuwa yana shanye sigina. A ɗaga eriya mita uku tun ranar farko.

Kuɗin LoRa da ba ya fitowa a lissafin farko shi ne uwar tasha. Ita ba ta barci. Tsakanin wat 5 zuwa 7 take ja kullum idan an haɗa da modem ɗin intanet, wato Wh 120 zuwa 170 a rana, don haka tana son faranti mai wat 50 ko fiye da batirin bolt 12 mai Ah 30 zuwa 40, da kariyar tsawa tunda ita ce mafi tsayi a wurin. Idan akwatunanka biyu ne ko uku, a ganinmu wahalar ba ta biya ba. Idan goma ne ko ashirin a fadama ɗaya, babu abin da ya kama ƙafarta.

Layin waya bai buƙatar tasha, amma yana da nasa halin. SIM800L kan fizgi har amfiya 2 na ɗan ƙiftawa lokacin aikawa, kuma yana son bolt 3.4 zuwa 4.4. Siririyar waya ko batir mai rauni sai ƙarfin ya faɗi, ya mutu ya sake tashi, ya sake neman sabis, ya sake mutuwa, har batir ya ƙare. A manna masa kafasita µF 1,000 ko fiye daf da ƙafarsa, wayar batir ta zama gajera mai kauri. Kowane layi sai an yi masa rajista da lambar NIN, sai an riƙa sa masa data, kuma layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba kamfani na iya rufe shi. A wuraren iyaka irin su Jibia da Mai'adua modem na iya laƙe wa sabis ɗin Nijar, don haka a kulle shi a kan kamfani ɗaya a cikin manhaja. Kuma waɗanda ke aiki a kudanci da yammacin jihar ba su manta Satumbar 2021 ba, lokacin da aka rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro. Akwatin da ya dogara da layi kaɗai ya kamata ya iya ajiye awonsa a cikinsa har sabis ya dawo, kuma ya daina neman sabis bayan minti biyu, ya koma barci, maimakon ya kwana yana nema. Game da modem irin SIM7080 mai aiki da NB-IoT da LTE-M kaɗai, wato sabis na musamman na ƙananan na'urori, kada ka sayi da yawa sai ka ga ɗaya ya kama sabis a ainihin wurin da za a kafa shi. A7670 kuwa yana hawa 4G na yau da kullum.

Wi-Fi da Bluetooth na cikin gida ne. Bluetooth mai tattali, irin nRF52840 da ke jan kusan mA 5 wajen aikawa, yana da kyau a cikin sito ko ɗakin kaji idan akwai mai karɓa a tazarar mita ashirin ko talatin. Wi-Fi yana cin sakanni wajen haɗuwa da rawuta, kuma rawutar kanta sai da wuta.

Inda wutar za ta fito

Sola a waje ita ce sarauniya, ba ta da kishiya a nan. Faranti mai bolt 6 da wat 1 yana ba da kusan mA 165 a tsakar rana. Awa biyar, mAh 800 da ɗoriya a takarda. Raba biyu saboda ƙura, zafi da karkata, saura 400. A ranar da hazon hunturu ya rufe gari, ko a tsakiyar marka, ɗauka 100 ne kawai za ka samu. Har yanzu ya ninka buƙatar akwatin layin waya mai aike kowace awa sau huɗu. Akwatin LoRa kuwa faranti mai wat 0.3 ya yi masa yawa. Ƙaramin faranti yana da wata fa'ida da ba ta cikin lissafin lantarki: ba ya ɗaukar idon mai hannu da sauri.

Abin lura a faranti uku ne. Na farko, zafi yana rage masa ƙarfi, kusan kashi 0.4 cikin ɗari a kowane digiri sama da 25, kuma abin da ke faɗuwa shi ne bolt. Farantin da aka rubuta wa bolt 5, idan ya yi zafin digiri 65 a watan Afrilu, yana iya saukowa kusa da 4.3, wanda da ƙyar zai cika batirin da ke son 4.2. Don haka mai bolt 6 ake ɗauka wa batirin litiyam na yau da kullum. Na biyu, rufin fuska. Masu arha da aka zuba wa ruwan roba mai ƙyalli suna yin rawaya su tsattsage cikin shekara ɗaya ko biyu a irin ranarmu, a nemi mai gilashi ko mai rufin ETFE. Na uku, karkata. Katsina da Daura suna kusan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, don haka a fuskantar da shi kudu da karkatar digiri 15. Daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana kan ɗan koma arewa da tsakar rana, amma da wannan ƙaramar karkata asarar ba ta taka kara ta karya ba. Kada dai a kwantar da shi shimfiɗe, ƙura da kashin tsuntsu za su zauna. Kashin tsuntsu guda a kan sel ɗaya yana iya durƙusar da ƙaramin faranti gaba ɗaya, tunda sel ɗin a jere suke.

Hasken cikin ɗaki wata duniya ce dabam. Rana a waje ta kai lux dubu ɗari, ɗaki mai taga kuwa 200 zuwa 500. A irin wannan haske sel irin na kalkuleta yana ba da 'yan µW kaɗan a kowane murabba'in santimita. Sel mai girman katin ATM zai iya riƙe sensar zafi mai Bluetooth da ke magana kowane minti biyar, amma sai da aisi na musamman irin BQ25570 ko AEM10941, domin cajar yau da kullum za ta shanye abin da aka tsinta kafin ya isa batir. Sito kuwa a rufe yake yawancin lokaci. Idan akwai yadda za a fitar da waya mita uku zuwa kan rufi, a fitar, magana ta ƙare.

Tsintar wuta daga zafi tana burge mutane a nan, domin suna ganin ai muna da zafi. Ba zafi take so ba, bambancin zafi take so tsakanin fuskokinta biyu. Farar tayil ɗin TEC1-12706, mai santimita 4 a kowane gefe, tana ba da kusan milibolt 50 a kowane digiri na bambanci. Idan bambancin ya kai digiri 10 za a iya samun kusan mW 30, wanda ya wadatar sosai. Matsalar ita ce riƙe bambancin. Ba tare da babban aluminiyam mai haƙora a ɗaya fuskar ba, cikin minti kaɗan fuskokin biyu za su daidaita, bambancin ya koma digiri ɗaya ko biyu, wutar ta koma kusan mW 1. Iskar bazara mai digiri 40 kuma ba ta sanyaya komai da sauri. A kan kwanon rufi ko jikin tanki ɓata lokaci ne. Inda take da amfani shi ne bangon tandar gidan burodi ko kusa da salansar babban janareta, kuma ko a can a kula: dalmar da ke cikin wannan tayil tana narkewa a digiri 138, don haka ba a manna ta kai tsaye a kan salansa, sai an sa ƙarfe a tsakani. Tana buƙatar aisi irin LTC3108, wanda ke iya tashi daga milibolt 20.

Jijjiga ta fi wannan ma tsauri. Ɗan harshen fiyezo, mai mai da jijjiga wuta, yana ba da wuta mai ma'ana ne kawai idan rawarsa ta dace da ta injin. Janareta mai juyi 3,000 a minti yana rawa sau 50 a sakan, ana iya saita harshen a kan haka. Injin niƙa kuwa gudunsa na hawa da sauka da nauyin hatsi, harshen zai riƙa fita daga saiti. Kuma duk lokacin da injin ya tsaya wuta ta tsaya. Tsintar wuta daga igiyar rediyo da ke yawo a iska kuwa, ko kusa da dogon ƙarfen sabis, abin da ake samu bai kai a gina aiki a kansa ba.

Sai zaɓin da masu son sola ba sa son ji: kada a tsinci komai. Batirin litiyam mai lamba ER, wanda ba a caji, yana ba da bolt 3.6, yana jure zafi har digiri 85, kuma abin da yake zubarwa da kansa kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne a shekara. ER14505 mai girman batirin rimot na AA yana da kusan mAh 2,400. Ko an zubar da kashi talatin don zafi da tsufa, zai riƙe akwatinmu mai cin 400 a shekara har shekara huɗu. Babbansa ER34615 yana da mAh 19,000. Ba faranti, ba caja, ba waya a waje da akuya za ta tauna, ba abin sharewa. Rauninsa shi ne ba ya son fizga mai ƙarfi, kuma idan ya daɗe a ajiye wani siririn rufi kan taru a cikinsa ya sa ƙarfinsa ya faɗi a fizgar farko, don haka ana jera masa kafasita a gefe. Bai dace da layin waya ba sai da irin wannan taimako mai girma. Kuma kada a kuskura a sa masa caja, yana iya fashewa.

Ma'aji, inda yawancin aikin ke lalacewa

Batirin 18650 shi ne a hannun kowa, daga tsohon batirin laftof ko tocila. An yi shi ne a caja shi tsakanin digiri 0 zuwa 45. A Afrilu da Mayu iskar Katsina kanta kan haura 40 a inuwa, baƙin akwatin roba a rana kuwa cikinsa kan wuce 60. Lokacin da rana ta fi ƙarfin caji shi ne lokacin da batirin ya fi zafi. Ƙari a kan haka, tunda akwatin ɗan kaɗan yake ci, batirin zai zauna a cike a bolt 4.2 kullum, kuma zama a cike cikin zafi shi ne abin da ya fi saurin tsufar da wannan nau'i. Sai ka ga batirin da ya kamata ya yi shekaru ya rasa rabin ƙarfinsa bayan bazara ɗaya ko biyu. A kasuwa kuma akwai masu rubutun mAh 9,900. Yawancin 18650 na gaskiya ba ya wuce kusan 3,500, kuma na kirki yana da nauyin kusan giram 45. Idan ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye shi.

Cajar TP4056 da ake haɗa shi da ita an saita ta a kan amfiya 1. Ƙaramin faranti ba zai iya ba da haka ba, sai ta janyo ƙarfinsa ƙasa ta riƙa kamawa tana saki. Ko dai a canza resistonta na 1.2k zuwa 10k don ta nemi kusan mA 130, ko a ɗauki CN3065 wadda ke daidaita kanta da abin da farantin ke iya bayarwa.

LiFePO4, wani nau'in batirin litiyam da ake caji, shi ne zaɓinmu a duk akwatin da zai zauna a waje. Bolt 3.2 yake, yana cika a 3.6, ya fi jure zafi da zama a cike, yana kai caji dubu biyu ko fiye, kuma da wuya ya kama wuta. Irinsa ne a cikin fitilun titi masu sola da yawa, mai lamba 32700 da kusan mAh 6,000, akwai kuma ƙananansa. Tunda ƙarfinsa ya yi daidai da abin da ƙwaƙwalwa da rediyon LoRa ke so, ana iya haɗa shi kai tsaye ba regileta, an huta da ɓarawo ɗaya ke nan. Sharuɗɗansa: cajarsa dabam ce, CN3058 ko TP5000 da aka saita a 3.6, domin TP4056 za ta kai shi 4.2 ta lalata shi. SIM800L ba zai yi aiki a kan 3.2 ba sai an sa mai ɗaga wuta. Kuma ƙarfinsa yana tsayawa kusan wuri ɗaya har ya kusa ƙarewa, don haka auna bolt ba ya gaya maka saura nawa, sai dai ka ga ya fara gangarowa ƙasa da 3.1 ka san an zo ƙarshe.

Babbar kafasita ba ta gajiya da caji, amma cikinta ƙarami ne. Guda biyu masu farad 50 a jere sun zama farad 25. Daga bolt 5 zuwa 3.3 za su ba da kusan jul 176, alhali 18650 mai mAh 2,500 yana riƙe da fiye da jul dubu talatin. Akwatin LoRa ɗinmu yana cin kusan jul 13 a rana, don haka a takarda za ta kai shi kusan kwana goma sha uku, amma ita kanta tana yoyon wasu µA goma-goma, wanda zai iya rage kwanakin zuwa rabi. Zafi ma yana cinta: duk ƙarin digiri goma yana raba rayuwarta biyu, sai dai idan an bar kowace guda ƙasa da bolt 2.7 da aka rubuta mata, a ce 2.3 ko 2.4. Biyun da ke jere kuma sai an daidaita su, in ba haka ba ɗaya za ta ɗauki fiye da rabonta. Ta dace da akwatin LoRa da za a kafa a inda ba a son komawa, ba ta dace da layin waya ba ko kaɗan.

Kowane ma'aji ka zaɓa, akwai tarkon asuba. Batir ya ƙare da dare. Gari ya waye, faranti ya fara ɗiga wuta, ƙarfi ya hau daidai inda ƙwaƙwalwa za ta farka, ta farka ta kunna rediyo, ƙarfin ya faɗi, ta mutu, a sake. Akwatin zai iya yini a haka a ƙarƙashin rana tsaka bai taɓa tara komai ba. Maganin biyu ne a tare: aisin tsaro da ba zai saki ƙwaƙwalwa ba sai ƙarfi ya hau sosai, kuma ba zai kashe ta ba sai ya sauka sosai, sannan manhaja ta auna batir kafin ta taɓa rediyo. Idan ya yi ƙasa ta tsawaita barci daga minti 15 zuwa awa ɗaya, idan ya ƙara ƙasa zuwa awa shida.

Mazubin kansa ya zama fari, a rataye shi a inuwar farantin da tazarar yatsu uku don iska ta ratsa. Ramukan waya su kalli ƙasa, wayar ta yi ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta shiga don ruwa ya ɗiga a waje. Akwatin da aka toshe ruf yana numfashi: da rana iskar ciki ta kumbura ta fita, da dare ya zuƙo mai danshi, a damina sai ka buɗe ka tarar da raɓa a kan allo. A sa masa ɗan marfin numfashi mai tace ruwa, a fesa wa allon man kariya. Duk ramin da ya fi ƙwayar gero faɗi, tururuwa ko zanzaro za su mai da shi gida.

To, wanne ga wa?

Tankin unguwa ko na makaranta guda ɗaya a cikin gari, inda sabis ke da ƙarfi: layin waya, aike kowace awa, faranti mai bolt 6 da wat 1 ko 2, LiFePO4 da mai ɗaga wuta. A nan a tuna sauti yana gudun mita 343 a sakan a digiri 20, amma kusan 355 a digiri 40, don haka a tanki mai zurfin mita biyu awon zai kauce da kusan santimita 7 tsakanin asubar hunturu da azahar ɗin bazara idan ba a sa sensar zafi irin DS18B20 a gyara lissafin ba. Sensar kuma ba ta ganin abin da ya matso ta ƙasa da santimita 20 zuwa 25, a ɗaga ta sama da iyakar cikar ruwa.

Fadama mai akwatuna goma ko fiye: LoRa da uwar tasha ɗaya. Idan awo sau ɗaya a awa ya isa, wanda ga danshin ƙasa ya isa, batirin ER ya fi sola sauƙi da kwanciyar hankali. Idan akwatin zai riƙa buɗe bawul ko sauraron umarni, to cinsa ya tashi, a koma ƙaramin faranti da LiFePO4. Sensar danshi mai arha a duba aisin da ke kanta, mai TLC555 ke aiki daidai a bolt 3.3, mai NE555 ba ya yi, kuma a shafe gefunan allonta da gam mai tauri domin ta nan ruwa ke shiga.

Sito, rumbun albasa ko ɗakin kaji: Bluetooth ko LoRa da batirin ER, sai mai karɓa guda a waje da farantinsa.

Kafin a kai kowanne daji, a ajiye shi a kan rufi mako biyu. A rufe farantin da kwali kwana uku a ga ko zai ci gaba da magana. Sannan a zuƙe batirin har akwatin ya mutu, a cire kwalin da yamma, a bar shi ya kwana, a duba da hantsi ko ya tashi da kansa ba wanda ya taɓa shi. A sa zafin cikin mazubi da ƙarfin batir a cikin kowane saƙo da zai aika, bayit uku ne kawai, kuma idan zafin ya haura digiri 50 da azahar a gyara inuwar tun yana kan rufin.